Ƙwaya Arba'in da Takwas a Gwangwanin Maɓalli

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Mun dawo daga asibitin jami'a. Alhamdu lillahi, da ƙafarsa Malam ya hau mota, da ƙafarsa ya sauka. Wanda ya gan shi wata biyar da suka wuce, lokacin da sai maza biyu sun kama shi kafin ya tashi daga katifa, idanu sun koma ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura, ba zai yarda shi ne mijina kafinta ba. Ba zan rubuta sunan ciwon ba, na gaji da jin sa. Hanta ce dai.

Maganin da ya tashe shi babu shi a kasuwa. Malaman jami'ar ne suka gano shi, suna gwada shi a kan mutum sittin kyauta, Allah kuma ya sa sunan Malam ya shiga. Ƙwaya biyu a rana, safe da yamma. Sun ba ni ɗan littafi mai gida-gida in riƙa sa alama duk sanda ya sha, da rana da lokaci. A can hannuna ya saba, shi ya sa ko a nan, bayan littafin da nake rubuta awon kayan 'yan makaranta, sai na fara da rana da lokaci.

Yau Sista, nas ɗin da ke kula da mu, ta daɗe tana kallon takardar gwajin jini.

"Mama, yana shan maganin nan yadda aka ce kuwa?"

Na miƙa mata littafinsu, kowane gida da alamarsa. Na miƙa mata kwalbar, wayam.

"Ikon Allah. To me ya sa ciwon yake neman dawowa?"

Na ce Allah ne masani. A mota Malam ya ce, "Tela, yau ba ki yi faɗa da kwandasta ba. Lafiya?" Na ce kaina ke ciwo.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na sa alama a gidan yamma.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Riga huɗu na lalata yau, duk na ɗinka aljihu a dama maimakon hagu. Ni da nake zagin masu irin wannan aikin.

Bari in rubuta ko na samu in numfasa. Sati biyar da rabi da suka wuce muna zaune a bencin asibiti, ni da matar direba, wadda mijinta yake shan maganin tare da Malam. Mace ce mai kirki, ita take riƙe min layi in na makara. Ta matso ta ce, "Yaya, kin san gwajin nan wata shida ne? Daga nan shi ke nan. Jami'a za ta sayar wa wani babban kamfani, kwalba ɗaya sai wanda ya sayar da gida. An yi haka da wani maganin, ƙanina ya gani da idonsa." Na ce to ya za mu yi? Ta ce, "Mu dai mun yi dabara. Ɗaya a baki, ɗaya a ajiye. Ranar da suka rufe ƙofa kina da na wata da watanni."

Ban yi shawara da kowa ba. Na dawo gida na ce wa Malam likita ya ce jiki ya yi kyau, an rage, na safe kawai zai riƙa sha. Shi ba ya karatun boko, kwalbar kuma a hannuna take. Ya ce madalla, har ya yi wa likitan addu'a.

Suna cikin gwangwanin maɓalli, a ƙulle a leda, ƙarƙashin keken ɗinki.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Maƙwabciyata ta kawo mana ayaba da ƙwai, wai don mara lafiya. Mutane suna da kirki wallahi. Mai shagon katako ma ya aiko a ce wa Malam kada ya damu da ƙofar da aka ba shi, a hankali.

Ƙafarsa ta hagu ta ɗan tasa. Ya ce takalmin ne ya matse.

Litinin, ƙarfe uku da rabi na rana

An tara mu duka a babban ɗakin da ɗalibai suke karatu, masu ciwo da masu jinya. Farfesa ce ta kira. Tsohuwa ce 'yar siririya, gilashinta ɗaure da zare a gefe ɗaya, sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi in gyara mata. Ita ce shugabar binciken, an ce shekara goma sha huɗu tana kan maganin nan.

Ba ta yi mana turanci ba. Ta ce jami'a ba ta da injin buga ƙwayoyi, dole ta ba kamfani izini ya yi. Ta ce shekara biyu ke nan tana rigima da manyanta a kan sharaɗi guda, cewa duk wanda aka ba izinin, dole ya yarda ƙananan masana'antu a ƙasashe irin tamu su yi nasu mai araha, yadda mai tura kura ma zai iya saya wa matarsa. Ta ce an kusa. Akwai wata masana'anta da ta yarda za ta yi, amma ta ce sai ta ga yadda maganin ya yi aiki a jikin mutanenmu.

Sai ta cire gilashin. Ta ce, "Wata uku na farko kowa yana samun sauƙi. Yanzu mutum goma sha ɗaya ciwon yana dawo musu, kuma duk suna shan maganin daidai, ga littattafansu nan. In haka ne, maganin bai karɓi mutanenmu ba ke nan, masana'antar kuma za ta janye. Na bincika ɗakin ajiya, na bincika injin gwaji, ban ga inda muka yi kuskure ba. Amma wani wuri muka yi shi. Ku yafe mana."

Ku yafe mana! Tsohuwar nan da ta isa ta haife ni. Malam kuwa har da ɗaga hannu, wai "Hajiya, ba komai, kun yi iya ƙoƙarinku, Allah ya saka." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na waiga, matar direba tana gyara ɗankwali, ba ta kalle ni ba.

Talata, ƙarfe tara na safe

Na je gidanta. Ta ja ni bayan ɗaki wajen igiyar shanya.

"Yaya, ki rufa mana asiri. Kin manta takardar da muka sa wa hannu? Duk wanda ya saɓa ƙa'ida cire shi za a yi. Ki buɗe baki yau, gobe mijinki ba safe ba yamma."

Na ce to masana'antar fa?

"Ke kika ga masana'antar? Ni dai abin da ke hannuna na sani."

Ni ma ai abin da ke hannuna na sani. Ta rako ni har bakin titi, ta tsayar min da mota. Direban nata yana kwance a tsakar gida, ko gaisuwata da ƙyar ya amsa.

Laraba, ƙarfe shida da kwata na yamma

Na ce bari in gyara a ɓoye. In mayar da shi biyu, jini ya gyaru, kowa ya huta, ba wanda ya ji.

Na kawo masa ruwa da ƙwayar yamma. Ya kalle ta ya kalle ni.

"Wannan fa?"

Na ce ganin ƙafar nan ne, na ce ko a ƙara.

"A'a, Tela. Likita ya ce ɗaya. Ke da allurarki ta ɗinki za ki fi likita ne? Mutanen nan amana suka ba mu. Ba ki ji abin da tsohuwar nan ta ce ba? Yanzu mu ƙara musu ruɗani?"

Na lallaɓa, na yi fushi, na ce taurin kansa ne zai kashe shi. Ya yi dariya ya ce shekara ashirin da shida yana jin wannan. Bai sha ba.

Na mayar da ita gwangwani. Ni na ɗaure kaina, ni na ja igiyar.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Bai sha ba.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Ƙafa biyun ne yanzu. Ya ɗauki zarto ya yi ja uku ya zauna a kan benci yana haki. Da ya ga ina kallo sai ya ce zarton ne ya dakushe.

Da na kawo masa shayi ya ce, "Ban taɓa gode miki ba yadda ya kamata. Ba don ke ba da tuni an manta da ni." Na ce ya sha shayinsa kafin ya huce, na shige ɗaki na taka keke ba ƙyalle a ciki don kada ya ji kukana.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na faɗa masa.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Da ya yi min tsawa da ya fi min sauƙi. Na zazzage gwangwanin a gabansa, maɓallai suka warwatse a ƙasa, na kwance ledar. Ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce kawai, "Nawa ne?" Na ce arba'in da takwas.

"Har addu'a kika bari na yi wa likita."

Na ce don kai na yi, Malam. Wallahi don kai na yi. Na ga yadda kake a watan farko, ba zan iya sake gani ba.

Ya ce, "Na sani." Ya miƙo hannu ya ce in ba shi kwalbar. Na ba shi. Ya sa ta a aljihun rigar aikinsa, inda yake sa fensir, ɗazun nan kuma ya ɗebo ruwa da kansa ya sha ta yamma. Abincin rana yana nan a rufe yadda na ajiye.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Ya ce gobe za mu kai musu. Na ce za su cire ka. Ya ce su cire. Na ce haba Malam, ka yi tunanin 'ya'yanka, ka sha biyun kawai mu yi shiru, jinin zai gyaru da kansa.

"Nawa zai gyaru. Takardar tsohuwar nan fa? Ta tsaya a gaban jama'a tana ba mu haƙuri a kan laifin da yake ƙarƙashin kekenki."

Tun jiya bai ce min Tela ba. "Ke" kawai.

Na tsince maɓallan ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin gado.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Ban san da wace ƙafa na shiga ofishin Sista ba. Na ajiye ledar a kan teburinta, Malam ne ya yi bayani. Bai ce "ta yi" ba, cewa ya yi "mun yi". Na lura, kuma ba zan manta ba.

Sista ta wanke ni tas. Ta ce sati bakwai ina kallon idonta ina miƙa mata littafin ƙarya, ta ce ita har masu gwajin jini ta yi wa rashin mutunci a kan sun ɓata sakamako. Duk gaskiya ta faɗa. Tana faɗan tana danna ƙafar Malam da yatsa tana duba idonsa, har da ce masa "Sannu, Baba." Sannan ta fita da ledar.

Sai ga Farfesa da kanta, da sauri har takalminta yana fita. Ta zazzage ƙwayoyin a faranti ta ƙirga da bayan biro. Ta zauna. Ta ce, "Rabi yake sha? Sati bakwai?" Na ce e. Na sunkuyar da kai ina jiran sauran.

Dariya ta yi. Dariya har da hawaye, ta dafa teburi tana cewa, "Alhamdu lillahi! Ashe maganin bai gaza ba. Ashe bai gaza ba!" Ni da Malam muka kalli juna, karo na farko tun Asabar.

Da ta nutsu ta tambaye ni dalili, na faɗa mata duka, har da zancen sayar da gida. Ta ce, "'Yata, kin yi ganganci, kin kusa kashe mijinki, wannan ba zan ɓoye miki ba. Rabin magani yana koya wa ciwo yadda zai jure ne. Amma mu ma wata biyar muna ɗibar jininku, ba wanda ya zauna ya gaya muku abin da zai faru ranar da gwaji ya ƙare. Ina can ina rigima a kan takarda, na manta ku kuna nan kuna jira a benci."

Sista ta ce su waye sauran goman? Na ce ban sani ba. Ta harare ni. Farfesa ta ce a ƙyale ni.

Zancen cirewa ba a hannunta yake ba, akwai kwamiti, sai Laraba ta sama za su zauna. Ta ce za ta tsaya mana, amma ba ta yi alkawari ba. Ƙwayoyin da na ajiye ba za su dawo ba, wai ba a san irin zafin da suka sha a ledar ba. Abin da ke aljihun Malam na kwana tara ne.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Matar direba ta gan ni a bakin famfo ta juya da bokitinta. An ce wai ni na tona. Ban kira sunan kowa ba, Allah shaida ne.

Saura na kwana bakwai.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Yana sha da kansa, safe da yamma, ya juya min baya. In ya sha sai ya ce, "Sa alama," in sa. Iyakar hirarmu ke nan. Duk da haka na gode wa Allah da yake sha.

Sista ta bugo waya, wai tana tambayar ƙafa. Na ce ta hagu ta fara saɓewa. Ta ce, "Mama, ki rage gishiri, ki kuma rage kuka, na ji muryarki." Yarinyar nan da ta zage ni ranar Litinin.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

An kwantar da direba a asibiti jiya.

Litinin, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Ina yankan wando sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Matar direba ce, idanu sun kumbura. Ba ta zauna ba. Ta buɗe jakarta ta nuna min safa ta yara, an ƙulle bakinta, cike.

"Yaya, ba zan iya shiga ni kaɗai ba."

Na ajiye almakashi na ɗauki mayafi. Ban ce mata komai a kan bakin famfo ba, mene ne abin faɗa? A hanya ta ce akwai wasu mata uku, ita ta gaya musu dabarar, za ta bi su gida-gida. Sista ta karɓi safar, ta jawo mata kujera.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Ta ƙarshe ya sha yanzu. Ya girgiza kwalbar a kunne, ya mayar da ita aljihu haka nan.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Allah na gode maka. Allah na gode maka.

Awa huɗu muna benci. Farfesa ta fito, gilashi a hannu, zaren ya tsinke gaba ɗaya. Ta ce mutum tara cikin sha ɗayan sun kawo nasu, wani a kwalbar turare, wani a cikin akwatin rediyo. Kwamiti ya ce ba za a yanke wa kowa magani ba. Za a sake musu daga farko, wata shida cur, a kuma rubuta gaskiyar abin da ya faru a sakamakon. Masana'antar ta ga sabon lissafin ta ce tana nan. Mai arahar ba zai fito ba sai nan da shekara ɗaya da wani abu, amma kafin nan jami'a ta ɗauki nauyin duk wanda ya shiga gwajin, kuma wannan karon a rubuce, kowa da takardarsa. Ta sa aka karanta mana da Hausa, sau biyu.

Ta ce kada mu yi murna da yawa, sai jini ya nuna ko ciwon bai riga ya koyi jurewa ba. Direba yana nan a kwance, an ce ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Na karɓi gilashin na ɗaure mata da baƙin zare mai ƙarfi, kullum akwai a jakata. Ta ce, "Kin ga, ke ma kin yi wa jami'a aiki." Na rasa inda zan sa fuskata.

Sabuwar kwalbar Malam aka miƙa wa. Shi ya ce a ba shi.

Alhamis, sati uku bayan nan, ƙarfe shida na yamma

Na daɗe ban rubuta ba, kayan makaranta sun yi min yawa. Yau aka ba mu sakamakon jini. Sista ta juyo mana takardar ta nuna da biro yadda abin ya sauka, ta ce maganin ya sake kamawa. Malam ya ce a nuna masa sau biyu, kamar ya iya karantawa. Direba an sallame shi shekaranjiya, da sanda, amma an sallame shi.

Ɗazu ina shara a tsakar gida, Malam yana goge ƙofar nan da ya gama jiya. Lokacin magani ya yi. Na ga ya laluba aljihu ya ciro kwalbar, ya juya ta, ya juya ta. Na ci gaba da sharata.

"Tela."

Na tsaya.

"Zo ki riƙe abin nan. Ni lissafinsa ruɗa ni yake yi, in sha in manta ko na sha."

Mutumin da zai kalli bango sau ɗaya ya faɗi faɗin taga, ba a taɓa dawo masa da aiki ba, wai ƙwaya biyu ke ruɗa shi. Na jingine tsintsiya, na goge hannuna a zane, na ɗebo ruwa. Na zuba ɗaya a tafin hannunsa, na tsaya a gabansa har ya haɗiye.